Daren Alhamis a Bayan Gidan Burodi

A Plovdiv, bayan gidan burodin Zdravka,
inda tanda ke huci ko an kashe wuta,
mukan taru ran Alhamis, mu goma sha wani abu,
kowa da tambayarsa a aljihu
kamar canjin da bai kai sayen komai ba.

Ni ke riƙe da littafin.
Dokarmu ɗaya ce: in ka ba da amsa,
faɗi inda ka tsinto ta.
“Na ji an ce” ba shi da kujera a nan,
a bakin ƙofa yake tsayawa, hularsa a hannu.

Yau shekara ta naɗe tabarmarta,
sun ce in karanto waɗanda suka ƙi barin zuciya.

Ga ta Boyko, mai tasi:
kafin agogo, wa ke tada mai tada mutane?
Mako biyu muna kanta.
Wani ya ce zakara, wani ya ce ƙararrawa.
Zdravka, hannunta cikin ƙullu, ta ce, “Yunwa.”
Ba ta kawo hujja ba.
Ba wanda ya iya musa mata.

Ga rigimar Hristofor da Stanimir
kan ranar da aka ɗaura auren kakanninsu,
wata guda ba gaisuwa, ba haɗa ido,
kowa da takardarsa, kowa da rantsuwarsa.
Ashe kalanda biyu ce, tsohuwa da sabuwa,
kwana goma sha uku tsakaninsu.
Duka sun yi gaskiya,
abin da ya fi ɓata musu rai ke nan.

Ga ta Iliyana, ’yar shekara tara,
ruwan sama ya koro ta bayan kakanta:
waɗanda suka sassaƙa duwatsun tsohon dandalin kan tudu,
sun san su mutanen da ne?
Tsvetan, da ya tsufa yana koyar da tarihi,
ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
“A’a. Ƙafa na musu ciwo,
suna kukan tsadar mai,
suna cewa yaran zamani sun lalace.”
Ta ce, “To mu fa?”
Na bar mata shafi guda fari.

Ta ƙarshe ta Nedyalko ce.
Shekara biyu yana zuwa, shayi kawai yake sha.
Wani dare ya ce da kofinsa:
“Ina ɗan shekara huɗu aka tafi da babana.
Jirgin ƙasa ya yi arewa, sanyi ya soma.
Da kwat a jikinsa?”

Tsvetan ya cinye hunturu a ɗakin ajiyar takardu,
ƙura ta ba shi tari.
Ya dawo da suna, an rubuta harafi ɗaya ba daidai ba,
da kwanan wata, da lamba.
“Kwat ɗin fa?”
“Ban sani ba. Takarda ba ta jin sanyi,
shi ya sa ba ta rubuta ba.”

Sai Velichka, wadda muke zaton kunnenta ya mutu,
ta ajiye saƙarta.
“Uwata na tallar gasasshiyar masara a tashar.
Takan ce wata kaka ta ga mutum ta taga,
daga shi sai ’yar shara,
ta jefa masa kwat ɗin mijinta.
Ta sha faɗa a gida.
Sunansa ba ta sani ba. Shekarar ma ban riƙe ba.”

Jirage nawa suka wuce, tagogi nawa,
mutum nawa da ’yar shara?
Duk mun san lissafin.
Tsvetan ya buɗe baki, ya dubi Nedyalko,
ya rufe.

Daren nan na tashi na je bakin ƙofa,
na ce da “Na ji an ce” ya shigo, akwai sanyi.
Da fensir na rubuta shi, ba da biro ba.
Nedyalko ya nemi ƙarin shayi,
ya tambaya ko kwat ɗin baƙi ne.